Teburin nan na Lawali ne

Lawali ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a tashar jirgin sabwe ta unguwarmu Soundview a New York, jakar turare a kafaɗa. Fuseini ne ya kira, ɗan Gana da suke zaune gida ɗaya da Lawali. Ya ce, "Masa Sani, Lawali ya faɗi a step ɗin bene. Mun kai shi hospital, amma doctor ya ce heart ne, ya riga ya tafi." Jirgi ya zo ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya wuce, ina nan tsaye.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Lawali mutumin Damagaram ne, maƙwabcina a 125th Street. Shekara da shekaru teburinsa na manne da nawa. Ni turare da carbi da huluna, shi kuwa rigunan mawaƙan rok, baƙaƙen tishat ɗin nan masu ƙoƙon kai da wuta da dawakai. In ka taɓa wucewa ka ga wani dattijo mai farin gemu yana gyaɗa kai, iyapis a kunne, carbi a hannu, to shi ne.

Ba sanarwar rasuwa kaɗai ta sa ni rubutu ba. Na yi wani abu yau da ya hana ni sakat, gara in faɗe shi a gaban kowa.

Da labari ya bazu, wani bawan Allah ya sa hoton Lawali a guruf ɗin 'yan garinsu, da niyyar ta'aziyya. Hoto mai kyau, yana dariya har da wushiryarsa. Sai dai a bayansa ga riguna nan a rataye, ga ƙwarangwal yana busa ƙaho a kan birni mai cin wuta. Kafin ka ce kwabo ta'aziyya ta koma bincike. Wannan yake sayarwa a Amurka? Da wannan ya ciyar da iyali? Wani kawunsu har ya rubuta cewa a yi ta masa istigifari, don ga alama kayan shaiɗan ya tallata har ya mutu.

Mutum ko wanka ba a yi masa ba.

Da hantsi 'yarsa Hadiza ta kira ni daga Damagaram. Malamar firamare ce. Tana ƙarama ya baro ta, kuma maganar takardun zama ta sa rabonsa da gida ya daɗe ƙwarai. Ta ce, "Baba Sani, don Allah ka gaya mini gaskiya. Teburin nan na babana ne?"

Ni da furfurata na buɗe baki na ce, "A'a 'yata, na wani maƙwabci ne. Babanki turare yake sayarwa, kamar ni."

Ta ce, "Alhamdulillahi." Ta sake faɗa. Sannan ta fashe da kuka irin na wanda aka sauke wa kaya.

Alhamdulillahin nan ce ta fi damuna. Na ce wa kaina tausayinta na ji. Ƙarya ne, kunya na ji. Da jumla ɗaya na yarda da kawun nan cewa rayuwar abokina abin ɓoyewa ce, na bar yarinya tana gode wa Allah da ubanta bai zama wanda yake ba. In na yi shiru, haka za ta riƙe shi har ta tsufa, uban da ni na ƙera mata.

To bari in gaya muku na gaskiyar.

Ranar da na fara kasa kaya a titin nan sanyi ya kusa cire mini yatsu. Na zo daga Kano da gadara ta, wai ai mu ma mun san sanyi. Lawali ya dube ni ya cire safar hannunsa ya miƙo. Ya ce, "Bon, Bakano, sa wannan. Girman kai ba ya ɗumi a nan." Ko sunana bai sani ba lokacin.

Shi ya nuna mini inda ake samun shayi mai zafi, da inda mutum zai kama ruwa ba tare da an harare shi ba.

Amma rigunan nan, tun ranar farko na ƙi jininsu. Kowa a layinmu ya san haka, shi ma ya sani. Al'adarmu ce in mutum zai tafi salla maƙwabci ya riƙe masa tebur. In na tafi, Lawali yana sayar da turarena kamar nasa, har ya shafa wa kwastoma a hannu ya ce wannan daga Makka ya zo, alhali daga Bronx na saro. In shi ya tafi kuwa, sai in zauna in harɗe hannu. Kwastoma ya nuna riga in ce ya ɗauka da kansa. In ya dawo ya ce, "Liman, ba su cije ka ba dai?"

Liman yake ce mini, don ya san ko ladanci ban taɓa yi ba.

Wata rana na ce masa, kai da ka yi karatun allo har ka yi nisa, me ya haɗa ka da ihun mahaukata? A nan ya ba ni labari. Zuwansa New York, aikin farko da ya samu ɗaukar kwalaye ne a wani shagon faifai da kaset. Ba ya jin Turanci, sai Faransanci da Hausa. Mai shagon, wani tsohon Bature mai dogon gashi, daga safe har dare rok yake sawa. Lawali ya riƙa zaro 'yan takardun da ke cikin kaset, inda ake rubuta baitocin waƙa, yana bi da ƙamus kalma kalma. Wasu sun koyi Turanci a makaranta, shi a bakin masu ihu ya koya.

Ya ce, "Liman, na zaci zance na mata da giya zan tarar. Akwai shi, ban ce babu ba. Amma sai na ga rana ta yi baƙi, taurari na zubowa, teku na tafasa, matattu na tashi daga ƙasa. Na ce kai, wa ya kai yaran nan wajen wa'azi?"

Daga nan bai sake jin waƙar rok a banza ba. Kowace sai ya zauna ya warware ta kamar mai tsefe kitso.

Na nuna masa ƙwarangwal ɗin na ce wannan fa? Ya ce, "Mi ya ba ka tsoro? Kai ne in an cire babbar riga."

Akwai wata riga mai dawakai huɗu da mahaya. Ya ce daga littafin addininsu suka ɗauko, su ne masifun da ke zuwa gab da ƙarshe, yaƙi da annoba da yunwa da mutuwa. Ya sa yatsa a kan na yunwa, wani ramammen mahayi mai sikeli. "Wannan na san shi. Ya zo garinmu ina yaro. Ba bisa doki ya zo ba, amma da na ga hoton na gane shi."

Wadda ta fi ba shi tausayi ita ce mai agogo, hannayensa sun kusa haɗuwa a sha biyu. Ya ce wannan agogon bam ɗin nukiliya ne, in ya buga sha biyu duniya ta tashi. Iyayen mawaƙan nan sun tashi ana koya musu ɓuya a ƙarƙashin benci a makaranta, ko da za a jefo shi. "Mu ƙiyamarmu a hannun Allah take, sai mu yi salla mu kwanta. Su da hannunsu suka ƙera tasu suka ajiye a rami, kuma makulli na aljihun mutum irinsu. Ina za su ga barci? Shi ya sa suke ihu."

Na ce ihun dai ya yi yawa. Ya ce in gidana ya kama da wuta in gwada yin raɗa ya gani.

Kada wani ya ɗauka komai yake karɓa. Dila ya sha kawo masa masu kan akuya cikin tauraro, alamar masu bautar shaiɗan, ko masu yi wa Annabi Isa izgili. Lawali zai ware su gefe ya mayar, ko da su ne ke tafiya a kasuwa. Yana cewa, "Wani tsoro yake ji, wani tsoron yake sayarwa, wani kuma rashin kunya ce kawai. Sai ka saurara za ka raba su." Ni duk ɗaya nake ganinsu, baƙar riga baƙar riga ce.

Mun sha gardama kan kiɗa. Na ce malamai sun yi magana. Ya ce, "Ban ce halas ne ba, ni ba malami ba ne, Allah Ya yafe mini in na ɓata. Cewa na yi ka ji mi suke cewa kafin ka tura su wuta." Abin da ke damunsa da yawancin waƙoƙin, in ji shi, shi ne suna kai ka har bakin ramin su sake ka. Duniya ta ƙone, shi ke nan, sai toka. Babu tsayuwa, babu awo, babu rahama. "Rabin labari suka samu, kuma rabin mai ɗaci."

Sauran rabin shi yake ƙoƙarin ba su, a tsaye, a bakin titi.

Na ga wannan da idona. Wata budurwa Baturiya, hannu duk zane, ta zo ta ɗauki rigar nan mai ƙwarangwal yana busa ƙaho. Ta ce ƙanenta yana da irinta, ya rasu, tana so ta sa. Lawali ya tambaye ta ko ta san me ƙahon ke nufi. Ta ce ƙarshen komai. Ya girgiza kai ya ce mata da Turancinsa na kaset, a wurinmu sau biyu ake busawa, na farko kowa ya faɗi, na biyu kowa ya tashi. Ta tsaya tana kallonsa. Ta tambaya, har da ƙanenta? Ya ce har da shi. Yarinyar nan ta zauna a kan kujerata tana kuka, ni kuma ina ta mita a raina ta tare mini ciniki.

Bai ce mata ta musulunta ba. Ya ba ta ruwa.

Shekarar korona, da titi ya mutu, ba ka jin komai sai jiniya, na kwanta ciwo. Matata na Kano lokacin. Lawali ne ke hawo mini bene da kunu da tuwon da ya tuƙa da kansa, mai gudaji, ya ajiye a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa ya koma ƙasa. Sai ya kira ni a waya ya ce in leƙo taga ya ga fuskata. Na tsokane shi na ce to ga waƙoƙinka sun tabbata, sai ka ƙure murya. Ya ce, "Na ajiye su. In abu ya zo ƙofar gida ba ka buƙatar hotonsa."

Wannan mutumin na yi wa ƙarya yau.

Akwai abin da ya kamata in faɗa don adalci. Shi kansa bai taɓa nuna wa gida teburinsa ba. In zai yi bidiyo kol da Hadiza sai ya matso gaban nawa, kwalaben turare a bayansa. Na taɓa ce masa, ka ga kai ma kunyarsu kake ji. Ya ɓata rai, abin da ba ya yi. Ya ce, "Ba kunya ba ce. Hoto ba ya bayani. In na tahi gida zan zaunar da ita in buɗe mata riga ɗaya ɗaya in gaya mata mi ke ciki. Yarinyar nan tana da kai, za ta gane."

Shi ranar bayani yake jira. Ni kuwa da ranar ta zo hannuna na rufe ta.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Alhamis ce, bayan la'asar, muna tattara kaya. Na lura yana ɗaga kwali yana tsayawa ya huta. Na ce lafiya? Ya ce, "Lahiya lau, tsufa ne." Na yarda, don yarda ta fi sauƙi.

Sai ya zaro iyapis ɗaya ya miƙo mini, kamar yadda ya sha yi ina ture hannunsa. Ya ce, "Liman, guda ɗaya. Ba za ta karya maka alwala ba." Ban san abin da ya sa ba, ranar na karɓa.

Da farko kamar ana zubar da kwanoni daga bene. Na kai hannu zan cire ya riƙe ni. Can sai gangunan suka lafa, gita ɗaya ta rage, wani mutum yana waƙa da dasasshiyar murya. Lawali na fassara mini a hankali. Wai mutum ne ya rage shi kaɗai bayan komai ya ƙone, yana yawo cikin toka. Ba abinci yake nema ba, ba mafaka ba. Wanda zai ce masa na yafe maka yake nema, kuma babu kowa.

Ya ce, "Ka ji? Wannan shaiɗan yake kira? Gafara yake nema, bawan Allah, ƙofar ce bai sani ba."

Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ni kuma don kada ya ga nawa sai na ce, to ai sai ka aika masa da adireshi. Ya yi dariya har da tari. Ya ɗaure kayansa a kura ya ce, "Sai gobe in da rai." Washegari ban fito ba, na bi wani kaya, sai ga yau.

Kun gani ke nan. Ba rashin sani ya sa ni ba. Na ji da kunnena, na gani da idona, amma da yarinya ta tambaye ni sai na tuna bakin mutane kafin in tuna abokina.

Na yi ta juyi har azahar. Na fito titi na tarar da wurinsa babu kowa, na kasa ko buɗe jakata. Na zauna a kan kujera na kira Hadiza.

Na ce, "'Yata, ƙarya na yi miki ɗazu. Teburin nan na babanki ne."

Na gaya mata duk abin da na rubuta a sama, da shagon kaset, da mahayin yunwa, da Baturiyar nan da ƙanenta, da waƙar ranar Alhamis. Na gaya mata yana da niyyar zaunar da ita ya buɗe mata riga ɗaya ɗaya. Ina magana ina jin numfashinta.

Da na gama ta ce, "Yana salla?"

Na ce ni nake riƙe masa tebur, ban taɓa ganin ya bar lokaci ya wuce ba.

Ta ce, "To Baba Sani, su kawu ba su san shi ba, hoto suka gani. Kai ka san shi. Mi ya sa kai ka ji kunyarsa?"

Har yanzu da nake rubutun nan tambayar na bina.

Ta ce abu biyu take so. In rubuta abin da na gaya mata a inda kowa zai karanta, da sunana, don ita in ta faɗa za a ce son uba ne. Sannan in aiko mata da rigar nan mai ƙaho, ta ga abin da ya so ya nuna mata. Ta ce, "Kai za ka yi mini bayanin, tunda shi bai samu ba." Ni da ban taɓa yarda yatsana ya taɓa su ba, gobe zan je ɗakinsa in buɗe kwalaye in nemo ta da hannuna.

Saboda haka ga shaidata, ni Sani mai turare, ku kai ta guruf ɗin Damagaram, ku kai wa kawu. Teburin nan na Lawali ne. Da shi ya ciyar da iyalinsa, kuma ban taɓa ganin ya cuci kowa a kansa ba. Hukuncin kiɗa da hoto na bar wa malamai da Ubangijinsa. Abin da na sani shi ne, a duk layinmu babu wanda ya kai shi tuna ranar tsayuwa. Mu muna sayar da carbi muna zancen haya, shi yana sayar da ƙwarangwal yana zancen lahira.

Za a yi masa salla gobe bayan azahar a masallacinmu na Bronx. 'Yan Nijar, 'yan Najeriya, 'yan Gana, duk wanda ya taɓa shan shayinsa, don Allah a rufe tebur a zo. Ba shi da ɗan'uwa na jini a ƙasar nan, mu ne sahunsa.

Allah Ka jiƙan Lawali. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya rayu yana tsoron ranar nan, Ka amintar da shi a cikinta. Ka haskaka kabarinsa, Ka ba Hadiza da mahaifiyarta haƙuri, Ka sa ya huta.

Duk wanda ya karanta, kada ya tsaya a danna alamar kuka ya wuce. Ka ɗaga hannu ka yi masa addu'a da sunansa.

In ka gama ka sa ni a ciki. Hadiza ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban yi ƙarfin halin roƙonta ba tukuna, shi kuma wanda ya kamata in fara roƙa yana kwance a asibiti yana jiran mu zo mu wanke shi.